Maganaɗisu a kan ƙoƙon kai: me yake yi wa iskar da ke cikin jinin ƙwaƙwalwa?

Kawuna yana da wani abin hannu mai ƙyalli da ya saya wajen masu tallar magani da lasifika a bakin tasha. Sun ce masa da maganaɗisu a ciki, wai yana jawo jini, ya tsinka shi, ya kori ciwon gaɓoɓi. Wata rana bayan la'asar muna zaune kan tabarma a ƙofar gidansa can wajen Ƙofar Marusa, sai ya miƙo mini waya. Bidiyo ne jikansa ya turo masa: wata mata kishingiɗe a kujera irin ta likitan haƙori, an ɗora mata wani baƙin abu a gefen goshi yana ta ƙara, tat-tat-tat, kamar keken ɗinki. Mai bayani yana cewa maganaɗisu ne, kuma yana sauya yawan iskar oksijin da ke cikin jinin ƙwaƙwalwa.

"Ka gani ko?" in ji shi, yana juya abin hannun nasa. "Ku 'yan boko kuna ta yi mini dariya, ga shi can likitoci na yi wa mutane ƙaho da mayen ƙarfe."

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara muku lafiya, ai wannan da naku ba dangin iya ba na baba."

Bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya ji ana cewa akwai ƙarfe a jini, sannan ya ji an ɗora maganaɗisu a ka jini ya ƙaru, lissafin da zai yi ke nan: mayen ƙarfe ya tsotso jini kamar ƙahon wanzami. Sai dai ƙarfen da ke jikin babban mutum gaba ɗaya bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, nauyin ƙusa ɗaya matsakaiciya, kuma ba a dunƙule yake ba. Mafi yawansa a warwatse yake ɗai-ɗai cikin himogulobin, sinadarin da ke ba jini launin ja, mai dakon oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. A wannan hali ƙarfe ba ya bin maganaɗisu irin bin da allura ke yi. Da yana bi, da ba mai fitowa lafiya daga na'urar hoton MRI, wadda ke iya fizgo tukunyar oksijin ta ƙarfe daga ƙarshen ɗaki, amma mutum ya yi rabin awa kwance a cikinta ya fito ya tari mai adaidaita ya tafi gida.

To in ba jan jini yake yi ba, me ya haɗa shi da oksijin?

Wutar da ke tsallaka ƙashi

Wanda zai fi saurin gane na'urar nan ba likita ba ne, mai naɗin kwayil ne, irin masu gyaran janareta da fanka da injin ban ruwa. Shi ya san cewa a cikin taransifoma akwai naɗin waya biyu da ba sa taɓa juna, amma wuta na tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Abin da ke tsallakar da ita shi ne ƙarfin maganaɗisu mai tashi da faɗuwa da sauri. Michael Faraday ne ya gano haka a Ingila a 1831. Maganaɗisun da ke zaune lafiya, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, ba ya haifar da wannan wuta. Na hannun Kawu zaune yake.

Baƙin abin da aka ɗora wa matar nan naɗin wayar tagulla ne, galibi mai siffar lamba 8. Na'urar takan tara wuta ta sake ta lokaci guda cikin naɗin, amfiya dubbai, a ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Nan take ƙarfin maganaɗisu na wajen tesla 1.5 zuwa 2 ya tashi ya faɗi, kusan daidai da na MRI ɗin asibiti, ya ratsa gashi da fata da ƙashi kamar babu su. Ƙwaƙwalwa kuwa a jiƙe take da ruwa mai gishiri, wanda wuta ke bi, don haka ita ce ke zama naɗi na biyu. 'Yar wuta ta tashi a saman ɓawonta, zurfin santimita 2 ko ɗan fiye, ta tunzura ƙwayoyin jijiyar da ke wurin su aika saƙo ba da niyyarsu ba. Wannan shi ne abin da ake taƙaita sunansa da TMS.

Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka fara nuna shi a birnin Sheffield na Ingila a 1985. Sun ɗora naɗin a kan sashen da ke juya gaɓoɓi, sai hannun mutum ya zabura da kansa, ba ciwo, ba yanka. Har yau da wannan zabura ake auna wa kowa rabonsa: a yi ta ƙara ƙarfin na'ura sannu a hankali har babban yatsa ya motsa, daga nan a lissafa yawan da za a ba shi.

Kenan abin da maganaɗisun ke taɓawa jijiyar saƙo ce, ba ta jini ba. Labarin jini daga baya yake zuwa, kuma ƙwaƙwalwar ce da kanta ke kiransa.

Karar da jijiyoyin jini ke yi

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita ke lashe kusan kashi 20 na oksijin ɗin da mutum ke amfani da shi yana zaune. Jini wajen mililita 750 ke ratsa ta kowane minti ɗaya, jakar fiya wata ɗaya da rabi ke nan. Ba ta da rumbu. In jini ya yanke mata, cikin daƙiƙa goma mutum ya sume. Mai ci irin wannan da ba ya ajiya dole a riƙa kai masa abinci kan kari, kuma a kai shi daidai ɗakin da ake aiki.

Tun 1890 Charles Roy da Charles Sherrington suka kawo ra'ayin cewa ƙwaƙwalwa na ƙara wa sashen da ke aiki jini. Kowa ya ɗauka ciniki ne na daidai wa daida: ka ci mudu, a kawo mudu. Sai a 1986 Peter Fox da Marcus Raichle a Amurka suka auna da na'urar PET, mai ɗaukar hoton gudun jini da cin oksijin a ƙwaƙwalwa, suka ga abin mamaki. Da aka girgiza wa mutane yatsu, jinin da ke zuwa sashen da ke jin taɓi ya ƙaru da kashi 29 cikin 100, amma oksijin ɗin da wurin ya ci kashi 5 kacal ya ƙaru.

Mu da ake yi wa garinmu kirari da ɗakin kara bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Baƙo biyu suka sauka, uwargida ba ta leƙo ta tambaye su ko suna jin yunwa. Jin sallamarsu kawai ya isa, sai ga akushin tuwon da mutum goma ba za su cinye ba, ga fura a ƙwarya. Haka jijiyoyin jini ke yi wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Ba sa jira sai oksijin ya ƙare an yi kukan yunwa. Da zarar ƙwayoyin sun fara magana da juna ta hanyar sinadarin gulutamet, wannan maganar ce ke sa su da maƙwabtansu masu siffar tauraro su saki wasu sinadarai, ciki har da naitirik oksaid, waɗanda ke sassauta tsokar da ke ɗaure da ƙananan jijiyoyin jini. Jijiya ta buɗe, jini ya kwararo. Ɗaya daga cikin bayanan da masana ke bayarwa kan wannan yawan shi ne, oksijin da kansa yake tsiyaya daga jijiya zuwa ƙwaya, to in ana so ƙwayar da ke can ƙurya nesa da jijiya ta samu, dole a cika wa na bakin ƙofa har ya yi saura.

Ga inda abin yake juyewa mutane. Tunda an kawo fiye da abin da aka ci, jinin da ke barin wurin aiki ya fi na kullum oksijin, ba ƙasa da shi ba. A zaune lafiya ƙwaƙwalwa kan sauke wajen kashi 40 cikin 100 na oksijin ɗin da jini ya kawo. In wuri ya kama aiki, kason da ake saukewa raguwa yake yi, don akushin ya koma da saura mai yawa. Wasu masu bincike sukan ga 'yar raguwar oksijin ta daƙiƙa ɗaya ko biyu tun da fari, kafin abincin ya iso, amma 'yar ƙarama ce ƙwarai, ba kowane gwaji ke kama ta ba.

Wannan sauran shi ake ɗauka hoto. Duk wanda ya taɓa riƙe ragon layya ya ga jinin da ke tsartuwa ja jawur, kuma duk wanda aka taɓa ɗibar jininsa a hannu ya ga nasa ya yi duhu a sirinji. Na farko cike yake da oksijin, na biyu ya sauke wani kaso. Ba launi kaɗai ya bambanta su ba. A 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka gano cewa himogulobin da ya sauke kayansa yana ɗan jin maganaɗisu, mai ɗauke da kaya kuwa ba ya ji. Ɗan jin nan bai kai ya motsa ɗigon jini ba, amma ya isa ya dagula hoton MRI. Wani Bajapane, Seiji Ogawa, da ke aiki a Amurka, shi ya nuna a 1990 cewa da wannan dagulewar za a iya bin sawun oksijin a ƙwaƙwalwa, zuwa 1992 an fara yi wa mutane. Shi ne fMRI. Akwai kuma hanya mai rahusa ta hasken da ido ba ya gani, wanda ake haskawa ta fatar kai a auna abin da ya dawo, tunda jinin biyu ba iri ɗaya suke shan haske ba. Frans Jöbsis ya buɗe wannan ƙofa a 1977.

Amma a lura da abin da hoton ke nunawa. Ƙwayoyin jijiya cikin 'yan kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa suke maganarsu. Jini kuwa sai bayan daƙiƙa ɗaya zuwa biyu yake motsawa, ya kai ƙololuwa wajen daƙiƙa 5 zuwa 6, kafin ya lafa an kusa daƙiƙa 20. Kamar wanda ya makara ne ranar hawan sallah, ya iso Ƙofar Soro ya tarar da ƙura ta turnuƙe. Ya tabbata dawaki sun wuce, kuma daga kaurin ƙurar zai iya cewa da yawa ne. Wane hakimi ne, sukuwa aka yi ko ja da linzami, ƙura ba ta faɗa masa. Ƙwayoyin da ke tunzura 'yan'uwansu da waɗanda ke tsawata musu su yi shiru duk aiki suke yi, duk suna cin abinci, duk suna iya tayar da ƙura.

Abin da aka gani da aka haɗa su

A 1997 Tomáš Paus da abokansa a Montreal ta ƙasar Kanada suka buga TMS a sashen gaban kai mai juya ido, mutum yana kwance cikin na'urar PET. Iya yawan bugun, iya ƙaruwar jini a ƙarƙashin naɗin. Abin da ya fi jan hankali shi ne jini ya ƙaru har can wajen ƙeya, a sassan gani da maganaɗisun bai je kusa da su ba. Saƙon ne ya bi dogayen jijiyoyi ya isa can, su kuma suka kira nasu akushin. Ba da jimawa ba Daryl Bohning a birnin Charleston na Amurka ya sami dabarar shigar da naɗin cikin MRI ɗin kanta, ana bugu ana ɗaukar hoto bi da bi.

Gwajin da ya fi kusantar abin da ido shi ne na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2007, inda aka yi aiki da kyanwoyi. Da yake dabba ce, an iya sa ma'auni a cikin ƙwaƙwalwar kanta, ana sauraron ƙwayoyin jijiya ana kuma auna oksijin a wuri ɗaya. Bayan ɗan gajeren jerin bugu, ƙwayoyin suka yi ta hayaniya na kusan minti ɗaya, daga nan suka yi laushi na minti 5 zuwa 10. Oksijin da jini suka bi sahu, suka hau sannan suka sauka. Wato amsar tambayar "yana ƙara oksijin ko yana ragewa?" ta danganta da lokacin da ka duba agogo.

Ta kuma danganta da kiɗan da aka yi. Bugu ɗaya a daƙiƙa, in aka jima ana yi, yakan sanyaya wurin. Bugu 10 ko 20 a daƙiƙa yakan zaburar da shi. A shekarar 2000 an ba wasu masu ciwon tsananin damuwa su goma kowane iri na tsawon mako biyu a Amurka, aka ga mai saurin ya ƙara gudun jini a wurare da yawa, mai jinkirin ya rage shi. Mutum goma ba su da yawa, kuma daga baya an ga cewa wannan ƙa'ida ta rinjaye ce kawai, akwai mutanen da ƙwaƙwalwarsu ke amsawa a juye.

Sai kuma abin da ya fi ɗaure kai. Da gwaje-gwajen fMRI suka yawaita, an lura cewa sau da yawa wurin da ke ƙarƙashin naɗin ba ya nuna ƙarin oksijin, alhali wurare masu nisa suna nunawa. A sashen gaɓoɓi, in ƙarfin bugun bai kai ya motsa yatsa ba, wurin yakan yi tsit a hoto. In ya kai, sai ya haska. To hasken na bugun ne, ko kuwa yatsan ne ya motsa ya aiko da labari sama? Wani bita da aka buga a 2022, wanda ya tattaro gwaje-gwajen da aka yi ana bugu ana hoto, ya ƙarƙare da cewa in an cire irin wannan, yawanci ba a ganin ƙari a inda aka buga. Bayanin da ake kawowa shi ne bugun yakan tada ƙwayoyi na ɗan ƙiftawa, sai masu tsawatarwa su danne su, jini kuma da yake mai nawa ne, sai ya haɗa hawa da saukar ya ga ba a ci ba a sha ba. Ga shi kuma shi kansa naɗin yana ɗan ɓata hoton abin da ke dab da shi.

Masu ruɗa lissafin ba su ƙare ba. Wannan tat-tat ɗin da Kawu ya ji a waya, a zahiri ƙara ce mai ƙarfi da sai an toshe kunne, kuma sashen ji yana kiran jini saboda ita ko da naɗin bai taɓa kai ba. Fatar kai da tsokar goshi suna jin bugun, jini ya taru a cikinsu, na'urar haske kuwa ta cikinsu take bi kafin ta isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa gwaji na ƙwarai ke haɗawa da naɗin bogi mai ƙara iri ɗaya, a kwatanta. Har goro yana da ta cewa. Sinadarin kafiyin da ke cikinsa, wanda ke cikin shayi da gahawa, yana tsuke jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Gwargwadon kofi biyu zuwa uku na gahawa na iya rage gudun jini da kusan rubu'i. Riƙe numfashi kuma buɗe su yake yi. Mai sikila, wanda jininsa ke gudu da yawa a ƙwaƙwalwa don cike giɓin ƙarancinsa, da tsoho mai hawan jini, da wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki, kowannensu yadda jijiyoyinsa ke amsa kira daban ne. Irin waɗannan su ne cike da layin asibitocinmu, don haka hoton da aka ɗauka a kan lafiyayyen ɗalibin jami'a a Landan ba lalle ya zama hotonsu ba.

Ni a ganina hotunan fMRI ɗin nan masu ja da rawaya sun fi ƙarfin hujjarsu a idon mai kallo. Sauyin da ake aunawa bai fi kashi ɗaya zuwa 'yan kaɗan cikin 100 ba, launukan kuma kwamfuta ce ke shafa su bayan lissafi.

Duk da haka ƙurar tana da amfani, kuma amfanin nata a wajen jagora ne. A 2008 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da TMS ga masu tsananin damuwa da magani bai yi musu aiki ba. Tsarin farko bugu 3,000 ne a gefen hagu na gaban kai, kimanin minti 37, kwana biyar a mako, har mako 4 zuwa 6. A 2018 aka amince da wani salo na minti uku. Akwai wani lungu can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira yanki na 25, wanda ke da hannu a wannan ciwo, kuma naɗin ba ya iya kaiwa gare shi. A 2012 Michael Fox da abokansa a Boston suka nuna cewa wuraren saman da suka fi ba da sauƙi su ne waɗanda oksijin ɗin jininsu ke hawa lokacin da na wancan lungun ke sauka, kamar sikelin mai awo. Masu bincike a jami'ar Stanford sun ɗora a kan wannan: a fara yi wa mutum fMRI a nemo nasa wurin, sannan a yi masa zama goma a rana har kwana biyar. An amince da tsarin a 2022. A duk wannan babu inda aka ce ƙarin oksijin ne ke warkarwa. Abin da ake nema shi ne maimaita bugu ya sauya yadda ƙwayoyi ke haɗe da juna, oksijin kuwa taswira ce ta inda za a ɗora naɗin. In ka maƙala wa matar bidiyon nan ɗan abin yatsa mai auna oksijin da muka saba gani tun lokacin korona, 97 ko 98 ɗin da yake nunawa ba zai gusa ba.

Na gaya wa Kawu cewa ba kowa ake yi wa ba. Mai ƙarfe a cikin kai, ko na'urar ji da aka dasa masa, ba a ɗora masa naɗin kusa da wurin. Mai farfaɗiya sai an yi taka-tsantsan, don bugun kan iya tayar da ita, ko da yake ba kasafai ba. Ciwon kai da zafin fatar wurin su ne abin da aka fi kuka da shi. Na kuma roƙe shi kada ya sake ya ajiye ƙwayoyin hawan jininsa saboda abin hannu, tunda na ji masu lasifikar har wannan suna cewa.

Ya yi shiru yana kallon hannunsa, ladan ya fara gyaran murya a masallacin unguwa. Can sai ya zare abin, ya sunkuya ya shafa shi a kan tabarma, inda allurar da yake ɗinke carbinsa da ita ta faɗi tun ɗazu muna nema. Ta maƙale a jiki, ƙyas.

"To," ya ce, yana cire ta. "Wannan kam ai ba ka ce ƙarya ba ne. Miƙo mini butar nan."